Rasuwar Ya Kaltum, Kwamfutar da Alheri Ya Kashe

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da wani tsoro a ƙarƙashinsa wanda har yanzu ban samu wurin ajiyewa ba, ni Mikail Gana na unguwar Bulabulin, a madadin kaina da abokin aikina Madu da manoman bakin kogi na Dusuman, ina sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar kwamfutarmu, baƙar laftof ɗin nan mai tsagaggen murfi da kuka sani da suna Ya Kaltum. Ta rasu a wani shagon gyara da ke Moduganari, a hannun mutanen da ba su nufe ta da komai ba sai alheri. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Kafin wani ya zo ya ƙaryata ni, gara in faɗa da bakina. Duk wanda ya shigo gidana yau zai gan ta a kan tebur, allonta na walƙiya, tana buɗewa kafin ka ɗauke yatsa daga makunni. Wasu sun riga sun zo sun gani, har sun yi mini barka. Don Allah ku daina. Abin da ke kan teburin nan jikinta ne, an wanke, an goge, an sa masa sabon batir. Ita kam ta tafi.

Marigayiyar ta shigo garin nan a jakar Injiniya Pindar, mutumin Biu, a shekarun da ƙungiyoyin agaji suka cika titunanmu da fararen motoci. Ɗaya daga cikinsu ta ba shi aikin ƙera na'urorin awon ruwa, wasu 'yan akwatuna da ba su fi gwangwanin madara babba ba, aka liƙa su da siminti a ƙarƙashin gadoji a kan kogin Ngadda. Mutanen Dusuman 'yan gadi suke ce musu. Aikinsu ke nan dare da rana su auna tsakaninsu da fuskar ruwa. Kowace safiya su tura wa wayoyin mutane saƙo mai kalma biyu, "Ruwa lafiya." In kuwa ruwa ya kai wani ma'auni da aka rubuta a cikin ƙwaƙwalwarsu, sai su bar saƙo su koma kira, su yi ta kiran kowace waya ba ƙaƙƙautawa har mai ita ya tashi. Ni da Madu ɗaliban Injiniya ne, a hannunsa muka koyi aikin, kuma a hannunmu ya bar shi.

Ga waɗanda ba sana'arsu ba ce, ina neman haƙurin 'yan mintuna, don in ba a gane wannan ba ba za a gane girman rashin ba. 'Yan gadi ba sa jin rubutun mutum. Duk abin da muka rubuta musu sai ya bi ta wata manhaja da ake kira kompaila. Ita ce tafinta, ita ke juya rubutunmu zuwa abin da ƙarfe ke ganewa, sannan a ɗura musu. Tafintar kuma ba ta aiki ita kaɗai. Tana jingine da wasu ƙananan manhajoji da mutane dabam dabam suka rubuta a ƙasashe dabam dabam, mu a sana'a laburare muke ce musu. Wani yana magana da layin waya, wani yana riƙe da agogo, wani aikinsa lallashin batir ya kai gari ya waye. Kowanne da bugunsa na wata shekara, kuma ba kowane bugu ke yarda ya zauna da ɗan uwansa ba. Injiniya Pindar ya yi watanni yana sasanta su, ya rage wa wannan, ya yi wa wancan faci, har suka haƙura suka zauna a ciki ɗaya. Cikin nan shi ne Ya Kaltum.

Madu ne ya raɗa mata sunan, don tunawa da wata gwaggonsa da ba ta son a taɓa mata jeren ɗaki. Dokokinta biyu ne, kuma Injiniya ya bar mana su kamar wasiyya: kada a haɗa ta da intanet, kuma duk abin da ta tambaya a kan allo kada a ce mata eh. Dalili kuwa, kompailar da ke cikinta ta saye ce, kuma lasisinta a ɗaure yake da lambar faifan ajiyarta, wato hadis ɗin da ke cikin cikinta. Ranar da aka girka ta, ta gaisa da kamfaninta sau ɗaya, aka ba ta izinin zama a kan wannan faifan kaɗai. Kamfanin ya rufe tun tuni. Ƙungiyar ta naɗe tabarmarta ta tafi wata ƙasa mai sabon bala'i. Injiniya kuma rashin lafiya ta ɗauke shi, Allah ya ƙara wa iyalinsa haƙuri. Aka bar mu da tsohuwa guda ɗaya a duniya da ta iya magana da 'yan gadi.

Za mu faɗi alherinta, don ta cancanta. Mace ce mai kamun kai, ba ta taɓa leƙa waje ba balle ta ɗauko abin da ba a aike ta ba. Ba ta da sauri, wannan gaskiya ne. In ka kunna ta kana iya zuwa ka ɗora shayi ka dawo ka tarar tana miƙa. Batirinta ya mutu tun da daɗewa, sai da wuta take aiki, ga zafin jiki, sai an ɗora ta a kan bulo biyu iska na ratsawa. Harafin da ke kusa da ƙaramin yatsa ya fita, muna danna gurbinsa da tsinken sakace. Amma ba ta taɓa yi mana ƙarya ba. Abin da muka ba ta jiya ta juya, in muka ba ta shi yau haka za ta juya shi, ba ƙari ba ragi.

Muryarta ce na fi kewa. In tana tunani faifan yakan ce ƙyas, ƙyas, ƙyas-ƙyas, kamar ɓera a buhun gero. In aiki ya yi nauyi fankarta ta ɗauka, fuuu, har takardun kan tebur su motsa. In ta gama juya rubutu ba tare da kuskure ba sai ta yi wata 'yar ƙara guda ɗaya, ɗin! Madu yakan amsa mata da "Wushe, Ya Kaltum," kamar yadda zai gaishe da babba da ta dawo daga gona.

Ba zan tsaya a kan ambaliyar bara ba. Duk wanda ke garin nan yana da nasa labarin, wasu nasu ya fi ƙarfin a rubuta. Abu biyu kawai zan faɗa. Na fita da marigayiyar daga Bulabulin a kan kaina, cikin leda, ruwa a ƙirji. Kuma 'yan gadi sun yi aikinsu, sun yi ta kira tun ruwa bai shiga gidaje ba, shi ya sa aka samu lokacin ɗauko Inno a keke napep. Inno ƙanwar mahaifiyata ce, ita ta raine ni. Gwiwoyinta sun ƙi, daga ɗaki zuwa ƙofar gida sai ta huta a hanya, kuma gidanta a Dusuman shi ne na kusa da ƙarshe kafin a gangara kogi.

To, ruwan bara bai bar gaɓa yadda ya same ta ba. Ya zaftare ta ta wajen gonakin shinkafa, ya buɗe wata hanya da da babu ita. Da rani ya yi, kogi ya ƙafe, na bi manoma da igiya da gora muka auna. Yanzu ruwa zai shiga gidajen ƙasa tun bai kai ma'aunin da 'yan gadi suka sani ba, da tazarar da ta fi kamu biyu. Maganin kuwa ba wani abu ba ne. Layi ɗaya za a canza a rubutu, a cire tsohuwar lamba a sa sabuwa, a ba Ya Kaltum ta juya, a ɗura wa yaran. Aikin wuni ɗaya ne har da shan shayi.

Ina can bakin kogi ranar da muka kammala awon, matata Siddiƙa ta kira ni. Ta ce Baba ne ya zo da kansa, yana zaune a zaure. Baba shi ne mahaifinta, Alhaji Abdulmutallib, mai sayar da yadi a Moduganari, mutumin Kano, dattijon da ban taɓa haɗa ido da shi ba tun da ya ba ni 'yarsa. Autarsa Muhsinat za ta zauna jarrabawar shiga jami'a, wadda ake yi da kwamfuta, kuma yana son aron tawa ta 'yan kwanaki ta saba da dannawa. Jama'a, ku gaya mini, surukin da ya tako da ƙafarsa har zaurenka me za ka ce masa? Na ce ta ba shi, amma ta gaya masa da babbar murya: kada a haɗa ta da intanet, kada a ce mata eh, kada kowa ya buɗe ta.

Siddiƙa ba ta taɓa ce wa mahaifinta "kada" ba a rayuwarta, kuma ba a ranar za ta fara ba. Ta durƙusa ta miƙa masa jakar, ta ce, "Baba, tsohuwa ce, ba ta da lafiya sosai, a riƙa lallaɓa ta." Ina shaida wa duk mai karanta wannan cewa ba ta da laifi. Ta faɗi iyakar abin da 'ya ke iya faɗa wa uba.

Alhaji ya ji, kuma ya riƙe maganar a ransa. Ya ga tsagaggen murfi, ya ga tsinken sakace, ya ji ƙyas-ƙyas. Shi kuwa mutum ne da in ya ari tukunya ba ya mayar da ita wayam, in ya ari mota sai ya cika tanki ya kai ta wanki. Da yarinya ta gama jarrabawa sai ya ɗauki marigayiyar ya kai ta wurin mai gyara, ya ce a yi mata duk abin da ake yi wa kwamfuta ta koma yarinya. Mai gyara ya kasa kunne, ya ce faifan nan ne ciwon, yana gab da mutuwa, a sa na zamani. Aka kwashe hotuna da takardu aka zuba a sabo, aka girka sabon tsari fil. Sai Alhaji ya tambaya ina za a kai tsohon. Ya ji labarin yadda hotunan matan mutane ke fita daga shagunan gyara su shiga wayoyin 'yan iska. Ya ce sirrin gidan surukinsa ba zai kwana a shagon kowa ba. Ya sa aka kawo guduma, ya tsaya a kai har aka farfasa faifan a gabansa.

Da kansa ya dawo da ita, cikin sabuwar jaka, da ƙullin turaren wuta na Siddiƙa da ledar dabino tawa. Na durƙusa a gabansa, idona a ƙasa. Ya ce, "Mikail, na ga irin faman da kake yi da ita kana ɓoyewa saboda kunya. Ai kai ɗa ne a wurina. In abu ya dame ka ka riƙa faɗa." Na buɗe murfi na danna makunni. Ta buɗe nan take, shiru, ba ƙyas ba fuuu. A wannan shirun na san an yi mini rasuwa. Na ce, "Na gode, Baba. Allah ya ƙara girma, Allah ya saka da alheri." Ya ce amin, ya yi murmushi, na raka shi har bakin mota.

Washegari da sassafe ina ƙofar shagon. Mai gyaran ya tarbe ni da fara'a, yana jiran yabo. "Oga, haba, da wannan tsohon tsarin kake aiki duk shekarun nan? Ai Alhaji ya cece ka wallahi." Na tambayi tarkacen. Ya ce 'yan gwangwan sun kwashe tun jiya. Na duƙa ina laluben ƙasa kamar mai neman allura, na samu wani ɓallin ƙarfe mai sheƙi da bai fi farce ba. Shi ma ba na zarginsa. An ba shi aiki ya yi, kuma ya yi shi da kyau.

Masu tambayata ko ban yi kwafi ba, na ji ku, ya isa haka. Na yi. Rubutunmu yana nan a filas, ɗan ma'ajin nan na aljihu, yana nan a imel, kuma muna da kwafin cikinta gaba ɗaya a wani faifai dabam. Shi muka fara mayarwa. Komai ya dawo mazauninsa, har hoton Injiniya da ke bangon allo. Kompailar ta buɗe ido, ta duba lambar faifai, ta ga ba gidanta ba ne, ta ce a kira kamfani. Kamfanin da ba ya duniya. Madu ya ce za mu yaudare ta, mu sa sabon faifai ya amsa sunan tsohon. Sai muka tuna lambar a jikin tsohon take rubuce, kuma jikin nan guduma ta bi ta kansa.

Daga nan jinya ta fara, jinyar da aka yi bayan mutuwa. Muka ɗauko sabuwar kompaila ta kyauta, wadda duniya ke amfani da ita yanzu. Muka ba ta rubutun. Ta cika allo da jan rubutu har sai da muka gaji da gangarawa. Ta ce laburaren layin waya yana magana da wani salo da aka daina tun tuni, ita ba ta san shi ba. Muka nemo sabon bugunsa. Shi kuma ya ce ba zai tashi ba sai da sabon laburaren agogo. Muka kawo masa. Laburaren agogo ya ce shi da facin da Injiniya ya yi wa na batir ba sa shiri, ko a cire facin ko shi ya fita. Muka cire. Na batir ya faɗi warwas, ya ce shi facin ne ƙafarsa. Muka koma baya bugu ɗaya, na waya ya ƙi. Muka ƙara gaba bugu ɗaya, kompaila ta ƙi. Akwai wani tsohon bugu a tsakiya da kowa ya ce da shi zai zauna lafiya, muka bi adireshinsa muka tarar an rufe shafin, mai shi ya yi ritaya ko ya mutu, Allah ne masani.

Ranar da aka samu ta juya ba jan rubutu, Madu ya tashi ya yi sujada. Sai da muka zo ɗurawa muka ga abin da ta haifa ya fi ƙarfin ƙwaƙwalwar 'yan gadi, kamar a ce za a zuba buhu a mudu. Muka yi ta yanka, muka cire duk abin da za a iya cirewa, ya shiga da ƙyar. Muka gwada a kan ɗan gadi ɗaya da muke ajiye da shi a gida. Ya farka, ya tura wa wayata wasu haruffa marasa kan gado, ya koma barci. Har yau bai tashi ba. Da a ce na gada muka ɗura wa, da mun kashe shi da hannunmu.

Na rubuta tambaya a dandalin masu wannan sana'a na duniya. Wani ya amsa da cewa me ya sa muke amfani da tsohon abu, mu sabunta mana. La haula! Na kuma tarar da wani bawan Allah da ya yi irin tambayata shekaru da yawa da suka wuce, ba wanda ya tanka masa. Ina yawan tunaninsa, ko wane kogi ne nasa.

Mun gwada dabarar hannu ma. Tun da ba za mu iya canza lambar ba, muka ce bari mu sauko da akwatin ya kusanci ruwa. Muka ɓamɓaro ɗaya muka rataye shi da ƙarfe a ƙasa da gada. Ruwan farko da ya zo da kututture da ciyawa ya tafi da shi. Abin da ya rage shi ne a sake rubuta komai daga tushe, a kan sababbin akwatuna, kuma mun fara, in sha Allah za mu gama. Amma mun fara tun bazara, ga shi damina ta yi nisa, kogi ya kawo, kuma duk wanda ya ce muku za a gama kafin ruwa ya cika bai san aikin ba.

Marigayiyar ta rasu ta bar caja ɗaya mai naɗe da salatif, da bulo biyu, da kwafin kanta wanda ke buɗe ido ba ya magana. Ta bar layi ɗaya da na gyara, yana nan a rubuce daidai, ba mai karanta shi. Ta bar ni da Madu. Ta bar marayu a ƙarƙashin gadoji, kuma su ne abin tsoron. Ba su san uwarsu ta mutu ba, ba su san gaɓa ta canza ba. Lafiyarsu ƙalau, sola na ba su wuta, layinsu na tafiya. Kowace safiya suna tura "Ruwa lafiya," kuma haka za su tura ranar da ruwa zai kasance a tsakar gidan Inno, don a lissafinsu da sauran kamu biyu.

Na je na same ta makon jiya. Tana zaune a tabarma, waya a ɗaure a bakin zani. Inno ba ta karatu, amma ta san ƙarar saƙon safe, ta san siffarsa a kan allo. Na yi mata bayani a hankali da Kanuri, na maimaita da Hausa. Na ce ta zo Bulabulin ta yi damina a wurina, Siddiƙa ta riga ta share mata ɗaki. Ta dube ni ta ce, "Kai Mikail, bara wa ya tashe ni? Kai ne? Kana can kana iyo da kwamfuta a ka. Yaran nan ne suka kira ni. Yau da safe ma sun gaishe ni, sun ce lafiya. Ranar da suka ce in tashi zan tashi." Na ce Inno, ba za su ce ba sai ruwa ya wuce ƙofarki. Ta ce, "To, kai da ka yi karatun, je ka gaya musu." Ta miƙo mini gyaɗa.

Ba ita kaɗai ba ce. Duk layin gidajen ƙasa haka suke, sun ga abin ya cece su sau ɗaya, maganata ba ta kai nauyin ƙarar wayarsu ba. Na yi magana a masallaci bayan azahar, aka ce Allah ya kiyaye, aka watse. A hanyata ta dawowa na tsaya a kan gada. Ruwan ja ne, yana tafe da rassan itace, yana lasar sabuwar hanyar da ya buɗe bara. Hadari kuma kullum da yamma sai ya haɗu ta gabas.

Mun yi gardama da Madu, irin wadda ba mu taɓa yi ba. Shi ya ce a bar yaran, kiran da ya makara ya fi babu. Ni na ce kiran ba shi ne damuwata ba, gaisuwar safen ce, don ita ke sa mutane su kwanta su miƙe ƙafa. Ya ce a kashe gaisuwar a bar kiran. Na dube shi, ya dube ni, don mun san ko wannan ma sai an juya rubutu, kuma mai juyawa ta rasu. Ya daɗe yana kallon bulo biyun nan da ke kan tebur, sannan ya ce in zan hau in rufe musu baki, shi zai riƙe tsani.

Game da ta'aziyya, ana karɓa a gidana da ke Bulabulin. Ba a buƙatar abinci. Masu zuwa da shawarar "ka gwada kashewa ka kunna" su yi zamansu a gida, Allah ya ba da lada. Muna kuma roƙo da girman Allah kada kowa ya karanta wa Alhaji Abdulmutallib wannan sanarwa, kada a kai masa labarinta ko da wasa. Dattijo ne mai hawan jini, ya yi abin da iyayensa suka koya masa, kuma har gobe in ya gan ni yakan tambaya, "Yaya kwamfutar, tana sauri?" Ni kuma in ce tana sauri, Baba. Gaskiya ce kuma. Jikin za a ba Muhsinat ta tafi da shi makaranta, ita zai yi wa amfani.

Na tambayi limamin unguwarmu, ya ce ba a yi wa ƙarfe salla, kuma bai kamata in tambaya ba. Saboda haka babu jana'iza irin wadda aka sani. Ga abin da za a yi. Ranar Juma'a bayan la'asar za a taru a gadar Dusuman. Madu zai riƙe tsani, ni zan hau in zare layin waya daga cikin kowane ɗan gadi, ɗaya bayan ɗaya, da hannun da ya saba ɗura musu magana. Daga nan za a kafa gora mai jan fenti a bakin sabuwar hanyar ruwa. Muna neman maza masu ido da ƙafa da za su karɓi gadi bi da bi har ƙarshen damina, kowa ya zo da tocila da usur, wanda ke da ƙarfen bugawa ya zo da shi. Wannan ita ce sadakar da marigayiyar ke buƙata.

Ranar Asabar da safe wayar Inno ba za ta yi ƙara ba. Na san za ta girgiza ta, ta ce layi ne ba kyau, ta aika a sa mata caji. Zan kasance a ƙofar ɗakinta da keke napep, injin a kunne, in gaya mata ni na rufe wa yaran baki. In ta hau, alhamdu lillahi. In kuma ta ƙi, to masu ta'aziyya kada su wahalar da kansu zuwa Bulabulin. Su same ni a Dusuman, gida na kusa da ƙarshe kafin a gangara kogi, a can zan yi damina.